Rana Ta Kowa Ce, Dare Nake Sayarwa

Unguwarmu awon igiya ce a bakin birnin Kano, irin wadda mutane suka riga hukuma zuwa. An yanka filaye, an yi gini, an tare, amma falwayar kamfanin wuta ta tsaya can bakin kwalta, tafiyar minti 10 daga gare mu. Wanda ya shigo layinmu da rana ba zai ga abin mamaki ba: gidaje a jere, shaguna a baki, masallaci a kusurwa, sai farantan sola da ke ƙyalli a kan rufin gida 5. A jikin katangar masallacin akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, wanda yara suka raɗa wa suna "rumbu". Ni ma yanzu haka nake ce masa. A ciki batir 12 ne a kan kanta, da inbata 3 masu juya wutar batir zuwa irin ta gida, da allon da ke nuna abin da ya shiga da abin da ya fita. Daga wannan ɗaki gida 23 da shago 9 suke shan wuta. Rabin sana'ata ke nan, don har gobe ni da yarana 4 muna zuwa haɗa wa mutane sola a gidajensu.

Da wayarin gidaje na fara. Shekara 7 na yi ina riƙe wa maigidana tsani, ina fasa bango ina binne bututu, kafin ya sallame ni. Daga nan na taɓa gyaran janareta, sannan sola ta shigo gari na koma kanta. Wannan yawo na gida-gida shi ya nuna mini wata asara da nake gani kullum amma babu mai lissafa ta.

Magidanci zai tara kuɗi ya sayi faranti 6 da batir 4 irin na ruwa, dogayen nan da ake ƙara wa ruwan batir. Kafin azahar baturan sun cika. Daga nan har la'asar farantan zaman banza suke yi, rana tana dukansu babu inda wutar za ta je, don maigida yana kasuwa, yara suna makaranta, fanka ɗaya ce ke juyawa a ɗakin uwargida. Da dare ya yi kuma sai a kunna komai a tatse baturan tas. Shi kuwa batir na ruwa ba ya son a sha fiye da rabinsa. In ana ƙarar da shi kowane dare, ga kuma zafin Kano, kafin shekara 2 ya zama gawa. Sai a kira ni a waya: "Injiniya, ka cuce mu." A daidai lokacin da wutar Alhaji take zubewa a banza a kan rufi, tela yana ƙasan wannan rufin yana ƙona fetur don ya tayar da keken ɗinki 2.

Na daɗe ina wannan tunani ban motsa ba, sai da aka zo ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ma ta tsallake 1,000. Ƙaramin janareta kuwa da ƙyar yake ba ka yunit 2 na wuta daga lita ɗaya (yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya). Layinmu da ba a jin sallamar juna da magariba saboda ƙarar injuna ya yi tsit. Na riga na ga yadda aka haɗa wa shagunan Kasuwar Sabon Gari sola da mita tun 2018 a ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara, na kuma je na ga tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019. Waɗannan aikin manya ne masu manyan kuɗi. Ni tambayata ita ce ko za a iya yin ɗan ƙaraminsa a layi ɗaya, da kuɗin mutanen layin.

Wajen Mai Unguwa na fara zuwa. Ya saurare ni har na gama zane-zanena a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "To Injiniya, na ji. Rijiya ɗaya kake so ka haƙa mana, kowa ya zo da gugarsa. Wanda gugarsa ta fi girma fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mita za ta tsare wannan."

Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa."

A lokacin na ɗauka tsufa ne ya sa shi shakka. Wata 5 kawai aka yi na gane shi ya fi ni sanin aikin.

Jarin haɗa shi muka yi. Na sayar da wani fili da nake da shi, na karɓi wasu kayan bashi a wajen dilan da muka daɗe tare, kowane gida kuma ya ba da kuɗin shiga da na mita. Masu shaguna adashe suka yi a tsakaninsu suka biya. Wanda rufinsa ya dace, mai ƙarfin katako kuma babu inuwa, muka ɗora faranti a kansa, ana zuba masa wasu yunit a mitarsa duk wata a matsayin hayar rufi. Alhajin da na ambata, wanda baturansa suka mutu karo na biyu ya rantse ba zai sake saye ba, tsofaffin farantansa 8 ya bayar muka ja wayarsu zuwa rumbu. Abin da suka kawo da rana ana rubuta masa, ya sha rabonsa da dare. Tun daga nan bai ƙara kirana macuci ba.

Ga lissafin, don a kansa komai yake tafiya. Sababbin farantan 36 ne, kowanne wat 550, jimilla kusan kilowat 20. In gari ya yi garau kuma gilashin a wanke yake, sukan ba mu yunit 80 da ɗoriya a yini. Baturan na litiyam ne, irin mai ƙarfe da fosfet, kowanne ƙwaya 16 ce a ciki mai bolt 3.2, wato bolt 51.2, yana riƙe yunit 5 da ɗan kai. Guda 12 sun ba da yunit 61. Ba na bari a sauke su ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka abin da dare yake da shi yunit 49 ne, daga faɗuwar rana zuwa hantsi. In ka raba wa gida 23, kowa ya tashi da yunit 2 da 'yan kai. Fankar sama mai wat 70 in ta kwana tana juyawa awa 10 ba ta cinye yunit ɗaya ba. Ke nan fanka 2, ƙwai 5, talabijin da cajin waya, rabon gida ya ishe su. Amma hitar dafa ruwa mai wat 1,500, awa ɗaya kacal za ta yi ta lashe abin da fanka za ta sha a awa 21. Duk rigimar sana'ar nan a tsakanin waɗannan lambobi biyu take.

Abin da ya sa haɗakar take ci shi ne ba lokaci ɗaya buƙatar kowa take tashi ba. Tela, mai aski, mai kemis da mai cajin waya da rana suke sha, kai tsaye daga faranti, batir bai ma san ana yi ba. Gidaje kuwa sai bayan magariba. A cikin gidajen ma wani ya yi tafiya, wani tun isha ya kashe komai, wani ɗalibi ne sai ƙarfe ɗaya. Da kowa batir ɗinsa zai saya, sai ya sayi wanda zai ɗauki darensa mafi nauyi a shekara, sauran darare kuwa rabinsa na zaune. A rumbu ɗaya abin da wannan ya rage shi wancan yake sha. Shi ya sa farashina kala biyu ne. Yunit na rana mai sauƙi ne. Na dare ninkinsa ne, don shi sai da ya shiga batir ya fito, batir kuwa shi ne abu mafi tsada a ɗakin, kuma shi ne mai tsufa. Masu ƙorafi sukan ce, "Ai rana kyauta Allah ya ba mu." Nakan ce ƙwarai kuwa, ban taɓa karɓar kuɗin rana ba. Ajiyarta zuwa dare ce ake biya.

Mitocin duk a waje na kafa su, a jikin turaku ko a zaure, don gidajen matan aure ne, ba kullum za ka yi sallama a shiga da kai ba. Kowace mita an saita ta: da dare in gida ya wuce wat 400 sai ta yanke, ta jira minti ɗaya ta dawo. Makon farko na sha kira. Kowa ya rantse babu abin da ya jona, sai ka ji ƙamshin guga yana fitowa ta soro. A hankali aka saba, guga ta koma ta hantsi.

Sai azumin 2024 ya zo, wanda aka fara ranar 11 ga Maris, ya faɗa cikin bazara. Wanda ya yi shi a Kano ya san irin zafin da aka sha, ya kuma san yadda ƙanƙara ta zama zinare. A daren 12 ga azumi, ƙarfe 4 saura, daidai lokacin da mata suka tashi ɗumamen sahur, rumbu ya ɗauke. Layi gaba ɗaya ya yi duhu, fankoki suka tsaya. Kafin in sa takalmi waya ta yi ƙara sau 6. Washegari haka, jibi ma haka.

Na zauna da littafi na tara abin da mitoci 32 suka rubuta, na gwada da abin da ya fita daga inbata. Akwai ɗan abin da waya take ci a hanya, wannan na san shi. Bayan na cire shi sai na ga yunit 6 sun yi ɓatan dabo a kowane dare. Ruwa ba ya tsami banza. Dare na huɗu, bayan an sauko daga asham, na ɗauki abin awon nan da ake maƙala wa waya, na bi turaku ɗaya bayan ɗaya da tocila a baki. A turke na 7 allura ta nuna lodin da mitar gidan ba ta san da shi ba. Na ɗaga tocila. Wata siririyar baƙar waya ce aka ɗaure ta bayan mita, aka naɗe da salatif tsaf, aka bi da ita ta ƙarƙashin indararo zuwa cikin gida. Ɗaurin da na gani ya sa gabana ya faɗi, don irin ɗaurina ne. Ni na koya wa mai shi.

Ɗaya daga cikin yarana ne. Gidan kuwa na wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki, sana'arta ƙanƙara da zoɓo. Tsofaffin firiza 2 ta samu, ta ba yaron ɗan abin shan ruwa ya jona mata. Kullum bayan buɗa-baki take cika su da ƙullin ruwa mai ɗumi, injinansu su kwana suna gurnani ba hutu.

A zauren Mai Unguwa aka zauna, da liman da mutum 3 daga masu gidaje. Hajiya tana daga bakin ƙofa a lulluɓe. Wasu sun zo da zafi, a cire ta kawai. Da aka ba ta dama ba ta yi musu ba. Ta ce, "Injiniya, ɗana, na yi laifi, ban ɓoye ba. Amma mitarka ba ta ɗaukar firiza, na gwada ta yanke. Watan nan kaɗai nake samun abin da zan yi wa marayun nan kayan Sallah. Ka faɗa mini yadda zan yi."

Mai Unguwa ya juyo ya dube ni. Bai ce komai a kan guga ba, amma na ji ta.

Gaskiya ita ce laifin tsarin nawa ne. Na zauna na lissafa fanka da ƙwai kamar gidaje wurin kwana ne kawai, na manta cewa rabin kasuwancin unguwa a tsakar gida ake yin sa, a hannun matan da ban taɓa zama da su ba. Ga shi kuma tsakanin ƙarfe 11 da 3 na rana, bayan batura sun cika, ni ma wutar tawa zubewa take yi kamar ta Alhaji a da.

Na ce, "Hajiya, ƙarfe nawa ake sayen ƙanƙara?"

Ta ce, "Daga la'asar zuwa shan ruwa."

Na ce, "To me ya kai ki haɗa ta da dare?"

Ta ce haka ta saba tun tana zaune a cikin gari, don da dare aka fi kawo wuta.

A nan aka warware. Na ja mata layi na daban mai agogo, yana kunna kansa ƙarfe 8 na safe ya kashe ƙarfe 5 na yamma, a farashin rana. Ta riƙa cika firiza da asuba da ruwan da ya kwana a randa ya yi sanyi, ƙulli ƙanana, ta kuma bar wasu manyan gorunan ƙanƙara a ƙasa ba ta sayar da su, su ne suke riƙe sanyin har gari ya waye in dai ba a buɗe murfi ba. Kwana 2 na farko ba ta kama sosai ba, daga na uku ta kama. Ta biya kuɗin yunit ɗin da ta sha a hankali. Yaron kuwa na dakatar da shi wata ɗaya, mahaifinsa ya kawo shi ya ba da haƙuri, yanzu shi ne mai zagayen duba turaku, don ya fi kowa sanin inda ake ɓoye waya.

Wannan zama shi ya canza mini sana'ar. Na gane ƙanƙara ma batir ce: rana ce aka daskarar aka ajiye. Tankin ruwa ma haka. Rijiyar burtsatsen masallaci yanzu da tsakar rana sumo yake cika tankinta, ruwan ya sauko da kansa da dare. Markaɗe, guga, cajin fitilu, duk abin da zai iya jira an tura shi tsakar rana. Yau firiza 7 ce a layin rana, duk na mata, kuma su ne ba su taɓa bari mitarsu ta ƙare ba. Ƙanwata ce take shiga gidajen ta ji abin da ake ciki, ta dawo mini da labarin da ni ba zan taɓa samu a zaure ba.

Sauran wahalar ta ƙura ce da zafi. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka kudu muke fuskantar da faranti, da ɗan karkata kaɗan yadda ruwa zai gangare. Da hunturu, in hazo ya sauka, kwana 4 ya isa ka rubuta sunanka da yatsa a kan gilashi, abin da yake shigowa rumbu kuma ya ragu ka gani da idonka a allo. Sau 2 a mako muke hawa, da asuba bayan salla, da bokiti da tsumma mai laushi a bakin gora. Ba a wanke faranti da rana tsaka. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu yana iya tsaga shi. Ba a sa sabulu, ba a taka shi da ƙafa. Kashin tantabara ya fi ƙura sharri, don ɗigo ɗaya in ya rufe ƙwaya sai ta riƙa zafi, ta kuma ja wa sauran farantan da ke jere da ita. Akwai mai kiwon tantabaru a gida na uku. Mun yi da shi har mun gaji, yanzu ɗansa ne yake wanke na rufinsu.

Mutane suna zaton watan da ya fi zafi shi ya fi ba da wuta. Faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. A Afrilu in gilashi ya kai digiri 60 ko fiye, abin da yake bayarwa yakan ragu da fiye da kashi 10. Batir ma haka, litiyam ya fi jin daɗi wajen digiri 25, zafi yana tsofar da shi da wuri. Shi ya sa na yi wa rumbu bango mai kauri da silin da tagogin iska sama da ƙasa, ƙofa tana kallon arewa, darbejiyar masallaci tana yi masa inuwa. A watan Agusta kuma, in marka ta zauna kwana 3, nakan aika yaro gida-gida tun la'asar: yau a yi fanka ɗaya. Damunar farko ma rufi 2 suka yi yoyo ta inda muka huda kwano. Aikinmu ne, na gyara da kuɗina, har da katifar da ta jiƙe.

Kaya kuwa, araha ba ta ado. An taɓa sayar mini da batir a kwali sabo fil, da na sauke shi a gwaji bai ba da kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta a jikinsa ba. Tsofaffin ƙwayoyi ne aka sake wa riga. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na cika batir na sauke shi da lodin da na sani. Waya kuma sai na kankare ta da wuƙa. In jan ya tashi fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, irinta ce take zafi a cikin bango.

Kuɗin da yake shigowa kashi uku nake yi masa: na yara da gyare-gyare, na gidana, sai na batir. Wannan na ukun shi ne amanar. A jikin kwali an rubuta cewa batirin zai yi caji da sauka sau 6,000, amma a ɗaki mai sanyi aka gwada wannan, ni shekara 8 nake yi masa lissafi. Ranar da zai gaji tana nan tafe, kuma da dala ake sayo magajinsa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Saboda haka ba na barin kuɗin batir ya kwana a banki yana narkewa. Da ya taru sai in sayi sabo in ƙara a kanta. Na ga abokan sana'a da suka ɗauki duk abin da ya shigo a matsayin riba, suka yi mota, suka ƙara aure, shekara 3 batura suka kwanta babu na canji.

Bashi babu, don sai ka saka kuɗi mita take buɗewa. Abu biyu kaɗai muka keɓe a zauren Mai Unguwa. Masallaci, lasifika da fankoki da ƙwai, kowane gida yana ba da yunit ɗaya a wata. Gidan da aka yi rasuwa ko haihuwa kuma ana buɗe masa mita kwana 3, a yi lissafi daga baya.

Ta fuskar doka, Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta tun 2016, ta sabunta ta a 2023. A ƙa'idar 2023, wanda bai wuce kilowat 100 ba, a wurin da layin kamfani bai kai ba, rajista ta ishe shi. Daga nan zuwa megawat ɗaya sai da takardar izini. In kuwa unguwar tana da wayoyin kamfani, yarjejeniya ake yi ta mutum uku: mai tasha, jama'a, da kamfanin rarraba wuta, irin tashar megawat ɗaya da aka yi a Zawaciki ta Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Ni rajista na yi, amma yanzu izinin nake bi, don mai izini ne doka ta tanadar wa diyya ranar da falwaya ta iso unguwa.

Wani yarona mai yawan duba waya ya taɓa nuna mini cewa a Ostareliya gwamnati ta ware dala miliyan 200 ta ƙasar a 2022 don kafa baturan unguwa 400. Can kusan gida ɗaya cikin uku yana da sola a rufi, damuwarsu ita ce wuta ta yi wa layi yawa da tsakar rana, suna neman inda za su zuba ta. Na ce masa to ai ciwon Alhaji ne ya kama ƙasa guda. Bambancin kawai, su in batirin unguwa ya ƙare babban layi yana bayansu. Mu in ya ƙare, sai mafici.

A Oktoban 2024 kuma sai ga babban layin ya zo neman mu. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi ranar 21 ga wata, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda a duhu. Mutanen bakin kwalta, waɗanda da suke mana kallon 'yan ƙauye, suka riƙa gangarowa da wayoyi a leda. Mai cajinmu ya shimfiɗa tabarma 2 ya jera soket, yana manna wa kowace waya lamba. Wani magidanci ya zo da maganin ciwon sukari na mahaifiyarsa a cikin kwanon sha da tsumma mai ruwa, yana tambayar ko akwai mai firij. Gidan Hajiya aka kai shi. Masu gidaje suka fara gunaguni kada baƙi su shanye mana dare, sai muka tsayar da magana ɗaya: baƙo ya sha da rana iya shansa, daga ƙarfe 5 rumbu na masu shi ne. Damina ta wanke farantan, rana kuma tana da kyau a watan, ko sau ɗaya ba mu ɗauke ba.

Tun daga lokacin layin da ke bayanmu suke zarya. Sun turo dattawa sau 3, a ja musu waya ko ta fanka ɗaya ce. Na ce musu ba rowa ba ce. Gidan ƙarshe a layinmu mita 200 ne daga rumbu, shi ma sai da na canza masa waya mai kauri kafin fankarsa ta daina juyawa kamar mai jin barci. In na ƙara wata mita 200, wutar da take zama zafi a hanya za ta ƙaru, kuma yunit 49 ɗin nan ba za su haihu ba. Nasu rumbun za su yi. Na ba su sharaɗi: su samo wurin ɗaki, su zauna da mai unguwarsu, su kuma rubuto mini gida nawa ne ake ƙanƙara, nawa ake markaɗe, nawa ake ɗinki a tsakar gida, kafin a yi maganar fanka. Jiya suka kawo takardar, gida 17, firiza 5, injin taliya ɗaya da ban san inda zan sa shi a lissafi ba tukuna. Ranar Asabar bayan asuba zan je da tsani in duba katakon rufinsu.